Filin Tsamiya da Tafinta Cindo

Ku matso kusa da tabarma. Ladidi, bar tsokanar wutar nan. To, ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, Gwaggo, kunnuwanmu na nan.

Wani gari ne a gindin dutse, ana ce masa Rafin Gawo. Mutanensa manoma ne, Hausa suke ji, salla suke yi. A bisa dutsen kuma akwai wasu mutane, su ma manoma, acca suke shukawa. Harshensu daban, bautarsu daban. Na ƙasa ba sa hawa, na sama ba sa sauka, sai dai a hangi hayaƙin juna.

Mutum ɗaya ne ke jin harsunan nan biyu. Sunansa Cindo. Uwarsa 'yar dutse ce, ubansa ɗan gari. Shi ke kai gishiri sama, ya sauko da zuma. In ya hau a ba shi kaza, in ya sauko a ba shi riga. Ya kuwa san ran da mutanen nan suka ji maganar juna, ran nan kaza da riga sun ƙare masa.

Tsakanin gari da dutse akwai wani fili, da tsohuwar tsamiya a tsakiyarsa. Ƙasar wurin baƙa ce, mai laushi, ba a taɓa sa mata fartanya ba. Sai wata shekara gonakin gari suka gaji, gero ya ƙi. Sai dagaci Barmo ya ce a nome filin tsamiya. Liman Ilu ya ce ƙasa ta Allah ce, ba laifi, amma a nemi yardar maƙwabta tukuna.

Sai aka aika. Tsohon mutanen dutse, wai shi Garkum, ya sauko da sandarsa. Aka zauna a bakin filin, Cindo a tsakiya.

Barmo ya ce, "Gaya masa yunwa ta matsa mana. Roƙon filin nan muke yi. In an girbe, da rabonsu a ciki."

Sai Cindo ya juya, ya ce da harshen dutse, "Ya ce fili nasa ne, gobe zai shiga. Wanda ya tsaya masa a gaba, da shi za a yi huɗa."

Garkum ya buɗe baki, ya kasa rufewa. Can ya yi magana a hankali, yana nuna tsamiya, hawaye na bin gemunsa.

Barmo ya ce, "Me ya ce?"

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, ya ce gara ku mutu da yunwa."

"To, kukan na mene ne?"

"Haka suke yi in sun yi fushi."

Sai Barmo ya kakkaɓe rigarsa ya tashi. Da ruwan farko ya sauka, gari ya fita da garemani, dagaci a gaba. Suka yi huɗa. Suna yi suna cin karo da tsofaffin tukwane a ƙasa. Su fasa, su watsar da kasaken gefe, su wuce. Aka shuka gero, ya tsiro kore shar.

Sai wata safiya matan dutse suka sauko. Suka durƙusa cikin kunyoyi suna kuka, suna tsintar kasaken nan suna ƙullewa a zannuwansu. Mutanen gari suka tsaya daga nesa suna kallo. Aka tambayi Cindo, ya ce asiri suke binnewa, don gero ya ƙone.

Liman ya ce a sake zama. Aka sake.

Barmo ya ce, "Tambaye shi, me muka yi musu? In akwai abin da ba mu sani ba, ya faɗa."

Sai Cindo ya juya, ya ce, "Ya ce ya san abin da ke cikin filin sarai, bai dame shi ba."

Sandar Garkum ta suɓuce daga hannunsa. Ya dubi Barmo kamar bai taɓa ganin ɗan Adam ba. Ya sake yin maganar nan tasa.

Cindo ya ce, "Ya ce zai zuba dafi a rijiyoyinku."

Daga ran nan maƙera suka bar ƙirar fartanya suka koma kibiya, a ƙasa da bisa dutse duka. Cindo ne ke kai wa kowane ɓangare ƙarfe. Aka ce za a yi zama na ƙarshe. In bai yi ba, sai baka da kwari.

To, Barmo yana da ƙanwa, Tasalla. Mijinta ya rasu, ta kuma taɓa binne ɗan da ko yaye ba a yi masa ba. Ana cikin wannan hali ta tafi itace gindin dutse. Sai hadari ya taso. Ta ruga wani kogo ta fake. Tana shiga sai ta ji nishi. Ta duba, sai ga wata 'yar dutse a durƙushe, naƙuda ta kama ta.

Matar ta ga Tasalla ta ja da baya. Tasalla ma ƙafarta ɗaya na waje. Sai ciwo ya sake murɗa matar, ta ɗaga hannu sama ta ce, "Wundi. Wundi."

Tasalla ta tsaya. Ba ta san kalmar ba, amma ta san muryar. Da irinta ta kira Allah ran da take kan gwiwa. Sai ta yar da igiyar itacen, ta kwance mayafinta ta shimfiɗa, ta riƙe matar ta baya.

"Ya Allah," in ji Tasalla.

"Wundi," in ji matar.

Haka suka yi ta yi, wannan ta kira, waccan ta kira, har yarinya ta faɗo. Tasalla ta yanke cibi da 'yar wuƙarta, ta goge jaririyar, ta miƙa wa uwar. Matar ta nuna jaririyar ta ce, "Laa." Tasalla ta ce, "Laa." Da jaririyar ta sha nono ta lumshe ido, matar ta kwantar da kunci bisa tafin hannu ta ce, "Dim." Tasalla ta ce, "Dim. Barci ke nan." Matar ta dafa ƙirji ta ce, "Sambe." Ita kuma ta ce, "Tasalla."

Da ruwa ya ɗauke ta raka ta har inda hanyar dutse ta fara. Ta koma gida ba itace, ba mayafi. Ba ta gaya wa kowa ba, don tsoron yayanta.

Ranar zama na uku ta zo. Maza suka fito da makamai, kowa ya ja layi a ɓangarensa. Tasalla ce ta kawo wa manya ruwan sha. Ta hangi Sambe a bayan Garkum da goyonta, ashe surukarsa ce. Suka haɗa ido.

Barmo ya ce, "Gaya masa ba ma son jini. Ya faɗi abin da yake so."

Cindo ya juya, ya ce, "Ya ce ku zaɓi inda za a binne ku."

Garkum ya miƙe da ƙyar. Ya nuna tsamiya, ya nuna kunyoyin gero, ya ɗaga hannu sama, ya yi maganarsa karo na uku.

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, ya ce kafin wata ya mutu zai ƙone rumbunanku."

Sai ƙwarya ta faɗi daga hannun Tasalla.

Ta ce, "Yaya, ba haka ya ce ba."

Barmo ya ce, "Ke yaushe kika fara jin maganarsu?"

"Kalma uku kaɗai na sani. Ukun nan kuwa duk na ji su a bakinsa. Ya ce jariri. Ya ce barci. Ya ce Allah. Cindo, ina jariri a maganarka? Ina sunan Allah?"

Cindo ya yi 'yar dariya ya ce, "Mace ce, kunnenta ne ya ruɗe ta."

Tasalla ba ta kula shi ba. Ta ratsa tsakanin layukan nan biyu, kibau na kallonta, ta je gaban Sambe. Ta nuna filin ta ce, "Laa?"

Sambe ta gyaɗa kai. Ta kama hannunta, ta ja ta cikin gero har kusa da tsamiya. Ta durƙusa, ta dafa ƙirjinta, ta dafa ƙasa, ta ce, "Laa. Dim."

Garkum ya biyo su. Ya sa hannu ya tona gefen wata kunya. Ya ciro gindin tukunyar da garma ta raba biyu. Ya juyo da shi a hankali, kowa ya gani. A ciki akwai 'yan ƙasusuwa, ba su fi tsinken tsintsiya kauri ba, da ɗan awarwaron da yatsun babba biyu ba za su shiga ba.

Ashe nan mutanen dutse ke binne jariransu tun kaka da kakanni, a cikin tukwane, a inuwar tsamiya.

Wani manomi ya dubi hannuwansa, ya juya baya ya kama amai. Wani ya zauna daɓas a ƙasa. Barmo ya tuna tukunyar da ya fasa da ƙafarsa ranar huɗa, har yana dariya. Liman Ilu ya yi salati.

Can Liman ya aika aka ɗauko Alƙur'ani. Garkum ya gane abin da ake nufi, ya miƙo sandarsa, wadda mutanensa ke rantsuwa da ita. Aka ɗora hannun Cindo na dama a kan Littafi, na hagu a kan sanda. Na ubansa ga shi, na uwarsa ga shi, ba inda zai kauce.

Liman ya ce, "Me tsohon nan ke faɗi tun zaman farko?"

Cindo ya ce, "Cewa yake, 'ya'yanmu na barci a nan, a hannun Allah. Ku ɗauki kowace gona tamu, ku bar mana wannan."

"Juya ka gaya masa abin da dagaci ya ce."

Cindo ya juya ya faɗa. Garkum ya ji ashe roƙo aka yi, har da alkawarin rabo. Ya dubi samarinsa da kibau a hannu, ya dubi samarin gari. Ya rufe fuska da tafin hannu.

Sai Barmo ya cire hularsa, ya ajiye a ƙasa gaban tsohon, ya durƙusa. Wannan kam ba ta buƙaci tafinta ba.

Liman ya ce, "Mu ma ba ma taka kabari. Geron nan ba mai cin sa."

Wani ya ce, "Malam, shi ne fa abincinmu na bana."

Liman ya ce, "Na sani."

Suka tuge shi da hannu, ba a sa ƙarfe ba. Matan gari da matan dutse suka tattara kasake, aka mayar da kowane ɗa makwancinsa. Aka kewaye filin da ƙaya. Shekarar nan Rafin Gawo ta sha wuya, har aka ci tafasa ba ƙuli. Da abin ya yi tsanani, sai aka ga mata na saukowa daga dutse da kwandunan acca a ka.

Cindo kuwa ba wanda ya taɓa shi. Amma in ya yi sallama a gari ba mai amsawa, in ya hau dutse a juya masa baya. Harshe biyu a baki, ba kunne ko ɗaya. Wata rana aka nemi shi aka rasa.

Kada ku ce daga nan ra'ayi ya zama ɗaya. Garkum bai bar zuba nono a gindin tsamiya ba, ya ce yaran na sha. Liman ya ce wanda ya mutu ba ya shan nono, addu'a yake so. Don su yi wannan gardama da kyau, Liman ya koyi harshen dutse, Garkum ya koyi Hausa. Suka tsufa suna musu a bakin ƙayar nan, ba wanda ya ka da wani. Ran da Garkum ya mutu, Liman Ilu ya hau dutsen da ƙafarsa, yana tsayawa yana haki, ya yi wa iyalinsa gaisuwa da harshensu.

Ƙurunƙus kan kusu, nan na sauke ta. In aka ce muku wane ya zage ku, ku je ku ji daga bakinsa, ko da kalma uku kuka sani. Ku tashi haka nan, a kai ƙananan ɗaki.