Hukuncin da Ke Cikin Tsohon Kaset

An ce wani sarki ya tsani mantuwa, har ya umarta a riƙa adana duk hukuncin da ya yanke a kwamfuta, a naɗe shi a kaset mai zaren maganaɗisu. Sai dai shi mutum ne mai son sabon abu. Duk sa'ad da fatake suka kawo sabon samfurin kaset, sai ya sayi na'urarsa, a sayar da tsohuwar ga 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe a kilo.

Wata rana wata tsohuwa mai suna Tabawa ta faɗi gabansa tana kuka, ta ce, "Ranka ya daɗe, da bakinka ka tabbatar wa marigayi mijina gonarmu. Yanzu wani bafadenka ya ƙwace, ya ce ba a taɓa yin haka ba."

Sarki ya yi murmushi, don ranar nuna gwanintarsa ta zo. Ya ce, "Share hawayenki, Iya. A fadar nan magana ba ta ɓata."

Aka ɗauko kaset ɗin shekarar, aka kai shi ga sabuwar na'ura, ya ƙi shiga. Aka gwada wata, ta tofo shi. Sai sarki ya sa aka kira Malam Sidi, wani dattijo mai hikima.

Ya ce, "Malam, ina hukuncina?"

Malam ya ce, "Yana ciki, ya sarki, lafiyarsa ƙalau."

"To, me ya hana shi magana?"

"Magana yake yi, ya sarki. Mai jin harshensa ne ka sayar a kilo."

Sarki ya juya ga waziri a fusace. "Ba a kwafe tsofaffin zuwa sababbi ba?"

Waziri ya sunkuyar da kai. "An kwafe waɗanda kake yawan nema, ranka ya daɗe."

"Waɗanne ke nan?"

"Waƙoƙin da maroƙa suka yi maka."

Daga nan sarki ya tashi ya bi Tabawa har gonar, ya zauna a kan kunya ya saurari maƙwabta, suka shaida. Ya mayar mata da gonarta, ya kori bafaden.

A hanyar komawa ya ce, "Malam, ashe ajiyar banza na yi."

Malam Sidi ya ce, "Ya sarki, adalci ba kayan ajiya ba ne. Wanda talaka bai iske ba ranar da ya zo nema, daidai yake da wanda ba a taɓa yi ba."