Idanun Kada da Ƙwaryar Iya Tasalla

"Jirgi ɗaya ya yi kaɗan, biyu za a tura!"

"Tura goma mana. Ka haɗa da kwalekwalen kakarka."

"Ranka ya daɗe, kana ji tsuntsuwar nan tana zagina a gabanka?"

"Ni ban zage ka ba, Nomau. Kakarka na tuna, Allah ya jiƙanta. Ita kam ta iya sallama."

Sarki Barmo yana kishingiɗe a kan soron fada yana jin su. La'asar ce sakaliya. Teku ta kwanta luf tana sheƙi kamar baƙin zanen da ya sha bugu, jiragen masunta can nesa suna lilo kamar ba a kan ruwa suke ba. Ya daɗe rabonsa da barcin kirki, shi ya sa komai yake zo masa kamar a mafarki.

Ƙasarsa, Gaɓar Gishiri, gishiri gare ta, ba ta da hatsi. Hatsinta daga ƙetaren teku yake zuwa, kuma dole jiragen su yada zango a tashoshin da ke kan hanya su ɗebi ruwan sha. Tashoshin na wasu ƙananan sarakuna ne. To, sai Sarkin Jan Ƙarfe, abokin hamayyar Barmo, ya shiga lallaɓa su. Ya gina musu matsayar jirage, ya yashe musu rairayi, sai kawai a wayi gari tutarsa tana kaɗawa. Tashar Kanwa ta tafi. Tashar Lalle ta bi ta. Saura Tashar Zuma, wadda wata tsohuwa, Iya Tasalla, take riƙe da ita. In ita ma ta tafi, duk ranar da Sarkin Jan Ƙarfe ya tashi da ɓacin rai, tukwanen Gaɓar Gishiri sun kife ke nan.

Masu gardamar kuwa, ɗaya Sarkin Ruwa Nomau ne, wanda ya girke jirgin sa ido a gaban kowace tasha, da mutum a bisa riƙe da madubin hangen nesa. Ɗayar tsohuwar Shamuwa ce mai sheƙa a kan soron. Da rani takan ƙetare teku, da ruwan fari ta dawo, kuma ba muryar da za ta ji sau ɗaya ta kasa kwaikwaya.

Sai ga shi ta kumbura ƙirji ta ari muryar Nomau, har da kakin da yake yi kafin magana: "Ehem! Allah ya ba ka nasara, labari daga Tashar Zuma. An ga tuta. An ga masu gemu. An ga akuya, ba a tantance ta wane ɓangare ce ba."

Murmushi ya suɓuce wa Sarki. Ya ce, "Inna Shamuwa, bar tsokana. Rigakafi ya fi magani. In ban sa ido ba, ta yaya zan san abin da ake ƙulla mini?"

Shamuwa ta naɗe ƙafa ɗaya ta ce, "Allah ya ja zamaninka, lamarinka ya tuna mini da hikayar Kada da mashayun kogi."

Sarki ya ce, "Yaya hikayar take?"

Ta ce:

An yi wani kogi mai faɗi, manyansa biyu, Kada da Dorina. Kada ya tsufa, haƙora sun zube, ya tuba da cin nama, sai ɗan kifi mai laushi. Dabbobin dawa suna zaman lafiya da shi. Yakan fito ya shanya baya a kan yashi a yi ta hira, ya gaya musu ranar da ruwa zai cika.

Dorina kuwa mai fita kiwo ce. Duk inda ta hau gaɓa sai ƙafarta ta fasa hanya, gangaren ya yi daɗin sauka. Tana tafe tana gaisuwa: "Ina gajiya, Barewa? Ya yaran, Gada?" Ba a jima ba aka fara kiran wata mashaya da sunanta.

Da Kada ya ji, sai ya ce a cikin muryarsa mai nauyi, "Hmmm. Ruwa ba ya tsami banza." Ya daina hawa yashi. Ya nutse a gaban mashaya ta gaba, ya bar idanu biyu kawai a sama, don ya ga ko Dorina za ta zo.

Barewa ta zo shan ruwa. Ta sunkuya ke nan sai ta ga idanu biyu, ba sallama, ba ƙiftawa. Ta ce, "Baba Kada, kai ne?" Shiru, don mai sa ido ba ya magana. Ta kwasa da gudu tana ihu: "Yaya Dorina! Yaya Dorina! Zo ki tsaya mana mu sha ruwa!"

Dorina ta zo ta tsaya. Kada ya ce a ransa, "Hmmm. Ai na faɗa." Ya ja jiki zuwa mashaya ta gaba, ya sake nutsewa. A nan ma haka aka yi.

Akwai wani Kwaɗo mai kaifin baki da ke hawa kan Kada yana shan hantsi. Ya ce, "Kai, kai, kai, Baba! Wannan aiki naka irin na Delu mai kitso ne sak."

Kada ya ce, "Hmmm. Wace ce Delu?"

Kwaɗo ya ce:

Lokacin ina saurayi na zauna a gindin randar wata mata, Delu. Duk garin ba mai hannunta. Shuku ne, zanen yawo ne, in ta kitsa miki sai kin ƙi ɗaura ɗankwali. Mata kan zo su ɗora kai a cinyarta, tana tsaga suna zuba mata cikinsu, wata ma har barci ya sace ta.

Sai wata baƙuwa, Tabawa, ta sauka a garin, ita ma mai kitso. Tsagarta a karkace take kamar jinjirin wata. Ranar da Delu ta ga tsagar nan a kan wata da ta saba zuwa gidanta, ranar ta daina ganin fuskar mutane. A kasuwa, a gidan suna, a bakin rijiya, idonta yana gefen ɗankwali. A ce mata, "Delu, ina kwana?" sai ta ce, "Ke, juyo nan, wa ya taɓa miki kai?"

Rannan aminiyarta Kande ta shigo, idanu sun kumbura suntum, gobara ta cinye mata ɗaki. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai Delu ta zagaya ta bayanta, ta ɗaga ɗankwalin da yatsa biyu ta leƙa. Kitson Delu ne a kai, tsohon kitsonta, har ya fara tsefewa. Delu ta ce, "Yauwa, alhamdu lillahi." Kande ta gyara ɗaurinta ta fita. A hanya ta gamu da Tabawa, Tabawa ta ce, "Baiwar Allah, me ya same ki?" Washegari kan Kande yana cinyar Tabawa, sauran mata suka bi. Na bar gidan randa ta bushe, Delu tana kan katanga tana leƙen kawuna.

Kwaɗo ya ce, "Ka ji, Baba. Ba a ɗora kai a cinyar wadda ba ta duban fuska."

Shamuwa ta ce: Kada ya gyaɗa kai har Kwaɗo ya zaci maganar ta shige shi. Can ya ce, "Hmmm. Ni ba mai kitso ba ne." Ya sake nutsewa. Ya yi ta kallo, ruwa yana cika yana janyewa, har bado ya tsiro a bayansa ya yi fure, har 'yan tsuntsaye suka ɗauke shi tsibiri. Mashayu duka suka koma na Dorina, kuma ba wadda ta tafi ba a kan idonsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ranka ya daɗe. Kada shi ya tsaga nasa, da ido.

Rana ta yi ja ta jingina da ruwa. Sarki ya ga kamar tekun ta cika da idanu bibbiyu, kowane biyu da tutarsa a kai. Ya girgiza kai ya ce, "Inna, wato in rufe ido ke nan?"

"Wa ya ce ka rufe? Jan Ƙarfe ba wasa yake ba. Amma bari in gaya maka abin da madubin Nomau bai nuna masa ba. Mutanen tashoshin nan suna da al'ada. Duk jirgin da ya zo, shugabansa yakan sauko, ya tuɓe takalmi, ya sha ruwa a ƙwarya daga hannun mai tashar. Wanda ya sha, baƙo ne. Wanda ya tsaya nesa bai sha ba, an san abin da ya kawo shi. A Kanwa an fito wa jirginka da ƙwarya, bai matso ba. A Lalle ma haka. Mutanen Jan Ƙarfe kuwa har ƙari suke nema."

Sai ta tanƙwasa wuya ta ari wata murya, ta tsohuwa, mai rawa-rawa: "'Ku sake fitar da ƙwaryar. Ɗan Gaɓar Gishiri ne, na san kakansa, mai ladabi ne. Wataƙila kunya yake ji.' Haka Iya Tasalla take faɗa kowace safiya, ina kan rufinta ina ji. Jikokinta suna cewa, 'Iya, wanda ke leƙenmu da madubi ba kunya yake ji ba, ƙidaya mu yake yi.' Ranar da zan taso, sai da ta yi musu rantsuwa kafin suka yarda suka fitar da ita."

Sarki ya tashi zaune. Bai taɓa ganin tsohuwar ba, amma ga ta nan a idonsa, tsaye a kan yashi, riƙe da ƙwaryar ruwa tana jira. Kunya ta rufe shi.

Ya ce, "Gaskiyarki, Inna. Zumunci a ƙafa yake, kuma wanda ya zauna a tabarma ya fi mai leƙe ta katanga jin labari. Sarkin Ruwa, a kira jirgin nan ya dawo gida. A shirya mini ƙarami, da gishirin gaisuwa. Ni zan je da kaina in sha ruwan nan, in ba a riga an zubar ba."

Ya dubi Nomau, wanda tun ɗazu yake tsaye yana jan gemu. Ya ce, "Ko kana da magana?"

Nomau ya yi kaki ya ce, "Ehem! Allah ya ba ka nasara, na fahimci komai. Abu ɗaya ne kawai ya shige mini. Shi kitson nan, Kada aka yi wa, ko Dorina?"