Uwar Maƙera a Gonar Jatau

Ku matso nan, amma kada hannun kowa ya bar ɓarar gyaɗar nan. Magana zan ba ku, in na gama ku yanke hukunci. Kuma kada wanda ya ce mini "ai duk sun yi ƙoƙari". Ba na son wannan amsa ta ragwaye.

An yi wani tsohon maƙeri, Sarkin Maƙera Barmo. Kakanninsa mutanen Dargaza ne, garin da yaƙi ya tasa tun kafin zuwan Bature. Ranar da aka gudu, an binne uwar maƙera ta gidansu, wato dunƙulen ƙarfen nan da ake ɗora jan ƙarfe a kai a doka, da niyyar a komo a tone. Ba a komo ba. Garin ya zama kufai, kufan ya zama gonar wani mutum, Jatau.

Da ciwo ya kwantar da Barmo, sai ya juya wa kunu baya. Ya tara jikokinsa uku, Cindo da Nomau da ƙanwarsu Tabawa, ya ce, "Ba zan je wa iyayena hannu sake ba. Wanda ya kawo mini uwar maƙera, a ɗakinsa za ta kwana, shi ne babban gidan nan a bayana."

To, ga tsoho yana ƙarewa, ga hadari ya fara haɗowa ta gabas. Kun kuwa san doka: iri ya shiga ƙasa, ba mai tona gonar wani sai bayan girbi. Barmo ba zai ga girbi ba.

Cindo yana da na'urar neman ƙarfe, wani sanda ne mai faifai a ƙasa, in ya bi ta kan ƙarfe sai ya yi kuka. Sana'arsa ke nan, bin kufayi yana tono anini mai huji da munduwa da kan mashi. Ya saɓa abarsa ya nufi inda maza suka ce nan maƙerar take. Yana ɗora faifan sai kuka. Ya matsa, kuka. Ya koma baya, kuka. Wurin da aka yi shekara ɗari ana ƙira, ina ne babu kashin ƙarfe? Kwana uku yana haƙa kamar gafiya, abin da ya samu kan kibiya bakwai da dala ɗaya. Bai zauna ba. Ya ɗauki na'urar ya tafi rumfar maƙeran kasuwa, ya binne uwar maƙerarsu a rami, ya binne kashin ƙarfe a wani, yana bi yana murɗa, mutane na dariya, har kunnensa ya rarrabe kukan babban ƙarfe da na tarkace. Sai dai kufan ya fi gona goma faɗi, batirinsa kuma na yini ɗaya ya rage.

Ita kuwa Tabawa wata hanya ta bi. Ta goya ɗiyarta, ta taka tun asuba zuwa ƙauyen da wata gwaggon kakansu take aure, tsohuwa Yalwa, wadda ido ya daina gani. Tsohuwar ta ji abin da ake ciki, ta yi tsaki.

"A maƙera suke nema? Wa ya gaya musu maza ne suka binne? Maza suna bakin ganuwa da baka, 'yar nan. Kakata ce ta ja ta da zane, ta tura ƙarƙashin murhun uwargida, ta mayar da duwatsu. Shekara nawa ina nan, akwai namijin da ya taɓa tambayata?"

Tabawa ta juyo a ranar, ƙafa duk ta kumbura, ba ta ko biya gida ba. Ta shiga kufan tana duban ƙasa, har ta kai inda fasassun tukwane suka yi yawa, ga rabin dutsen niƙa, ga ƙasa baƙa da tsohuwar toka. Ta ja da'ira da ƙafarta, ta ce, "Yaya Cindo, bar wahalar da kanka. Nan mata suka zauna."

A daren aka yi ruwan shuka.

Gari na wayewa sai ga Jatau da sungumi da ƙwaryar iri, iyalinsa a baya. Ya ce, "Na yi muku kara kwana huɗu kuna mayar mini da gona rijiyoyi. Yau ko uban wa ya zo, shuka zan yi." Kuma gaskiyarsa ce, ruwan fari ba ya jiran kowa.

Nomau manomi ne, bai san na'ura ba, bai iya dogon zance ba. Ya tsaya gaban sungumin ya ce, "Baba Jatau, ka san gonata ta bakin fadama?"

"Wadda ka kai wa taki amalanke talatin? Na sani."

"Je ka shuka ta. Bana taka ce. Ka bar mini wannan."

Jatau ya dube shi, ya ce, "Kai, ɗan nan, da 'ya'ya shida?" Nomau ya ce ya ji. Jatau ya juya da mutanensa.

Kafin azahar faifan Cindo ya bi cikin da'irar Tabawa, ya yi wani kuka mai kauri, daga nan batiri ya mutu. Suka haƙa har ramin ya kai tsayin mutum, ga hadari ya sake taso musu. Sai ga ta, a kwance ƙarƙashin duwatsu uku, tsatsa ta rufe ta. Gonar kuwa ta zama ramuka, damshi ya wuce kafin a cike su. Shekarar nan gidan Nomau tun kafin watan bakwai rumbu ya koma fanko.

Aka kai wa Barmo. Ya shafa ta, ya ce a miƙo masaba, ya doka sau ɗaya. Da ya ji amon, sai ya ce a kawo kunu. Ya sha rabin ludayi, ya ce, "Wa ya kawo ta?" Cindo ya dubi Tabawa, Tabawa ta dubi Nomau, Nomau ya dubi ƙasa. Tsohon ya buɗe baki zai yi magana, tari ya sarƙe shi. Bai ƙara cewa komai ba har aka kai shi makwancinsa bayan kwana biyu.

Uwar maƙera tana nan a zaure, kaji na hawa kanta. Ba wanda ya ɗauka, ba kuma wanda ya yarda wani ya ɗauka, gida ya zauna babu babba.

Da ba kunnen Cindo da na'urarsa, da an tone gonar nan kaf ba a dace ba. Da Tabawa ba ta taka ba, da har yau maza suna haƙa a maƙera. Da Nomau bai ba da abincin 'ya'yansa ba, da gero ya tsiro a kanta, tsoho ya tafi da yunwarsa.

To, ku ajiye gyaɗar yanzu. A ɗakin wa za ta kwana?