Munduwar Waziri Barmo

A zamanin da, an yi wani sarki mai son kifi kamar ransa, garinsa na bakin wani tafki. Ana nan, sai kifi ya yi ƙaranci, har aka shekara ba a ga giwan ruwa a akushin sarki ba. Ransa ya ɓaci, ya kira Sarkin Ruwa Nomau, shugaban masunta, ya ce, "In kifi bai dawo ba, ka tuɓe rawaninka."

Nomau ya tafi wurin Waziri Barmo. Waziri ya ce a kawo taru ya gani. Ya zura ɗan yatsa a idon tarun, ya ƙi shiga. Ya kwashe da dariya ya ce, "Haba Sarkin Ruwa! Kun cinye iri kuna jiran girbi?"

Washegari Waziri ya faɗi gaban sarki, ya ajiye wata munduwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ba mu shekara biyu. Duk kifin da ya zurare ta cikin munduwar nan, a mai da shi ruwa. Kowane masunci gora ɗaya a rana, ba ƙari." Sarki ya yarda, aka yi shela.

Masunta suka yi ta gunaguni, suna karya doka a ɓoye. Ran nan dogarai suka kama wani da kwandon 'yan ƙananan karfasa, ashe mai dafa wa sarki abinci ne!

"Wa ya aike ka?" in ji Waziri a gaban fada.

Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, mai akushin."

Sai sarki ya fashe da dariya ya ce, "Ni ne ɓarawon. Hukuncina, ba ni ba kifi sai wa'adi ya cika." Da masunta suka ji sarki ma miyar kuka yake sha, kowa ya shiga taitayinsa.

Shekara biyu na cika aka faɗa tafki kamun kifi. Kifi ya yi ta tsalle, homa na yagewa, mata na guɗa. Nomau ya fito da giwan ruwa, sai da ƙarti uku suka taya shi ɗauka, rawaninsa ya jiƙe sharkaf.

Sarki ya dube shi cike da murna ya ce, "Yanzu kam ka tuɓe shi." Nomau ya tuɓe rawanin, yana zaton an tsige shi. Sarki ya miƙa masa wani sabo fil, ya naɗa masa da hannunsa.