Tanderun da Ke Yin Sallama

Ga ta nan, ga ta nanku, ta tsaya a bakin zaure.

Ta shigo mu ji ta.

To, ku gyara zama. Na bakin ƙofa ya matso ciki.

A wani gari an yi wata mai gurasa, sunanta Barira. Mijinta ya rasu, ya bar mata 'ya ɗaya, Yalwa, da zakara ɗaya, da akuya ɗaya. Da gurasar nan suke ci, da ita suke sha. Rannan tanderunta na tsohuwar randa ya tsage tun daga baki har gindi.

Barira ta ce ta gama da na randa. Na tubali za ta gina a bayan ɗaki, babba, wanda zai ɗauki gurasa talatin a zubi ɗaya. Sai ta tafi wurin Tabawa, wata tsohuwa mai ginin tukwane, ta tambaye ta ƙasar da ke jure wuta.

Tabawa ta ce lakar kududdufi ba ta jurewa, tsagewa take yi. Ƙasar da ke riƙe wuta ita ce ta suri, wadda gara ta tauna ta haɗa da yawunta. Amma suri gida ne, kuma gida da masu shi.

"Ki yi sallama kafin ki sa fartanya," in ji ta. "In an amsa, ki ɗiba. In ba a amsa ba, ki juyo da kwandonki."

Barira ta tafi bayan gari, inda wani jan suri yake tsaye, ya fi mutum tsawo. Ta yi sallama. Shiru. Ta juyo.

Kashegari ta koma. Ta yi sallama. Shiru. Ta juyo.

Rana ta uku ta koma da tsakar rana. Ƙasa na ƙuna a tafin ƙafa, garin alkamarta ya fara ƙwari a gida, damina kuma ta kusa. Ta yi sallama. Shiru. Ta duba gabas, ta duba yamma, ba kowa. Sai ta yi 'yar dariya, ta maƙale murya, ta amsa wa kanta: "Wa alaikumus salam, Barira, ɗebi abin da kike so."

Ta sa fartanya. Ta ɗiba, ta ɗiba, ta ɗiba, har surin ya koma rami.

Suka kwaɓa ƙasar ita da Yalwa, suka zuba ƙaiƙayi, suka tattake da ƙafa. Suka yi tubali, suka shanya, ya bushe. Suka jera duwatsu, suka yi daɓe a kai. Suka tara yashi mai danshi a kan daɓen, suka shafe shi ya yi kamar ƙwaryar da aka kife. Suka bi yashin da tubali, layi bisa layi, har ya rufe. Suka bar ƙofa a gaba, suka bar 'yar kafar hayaƙi a sama. Da ginin ya kama jikinsa, suka kwashe yashin ta ƙofa, kwano bayan kwano.

Da Yalwa ta sa hannu za ta kwaso na ƙarshe, sai ta ji cikin da sanyi, irin sanyin gindin rijiya. Ta gaya wa uwarta. Uwar ta ce ɗanyen gini ne, haka yake.

Kashegari, rana ta take tsaka, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, gari ya yi tsit. Sai wata murya ta fito daga cikin tanderun, siririya, kamar ana sosa ƙwarya da farce:

"Salamu alaikum, masu gida,
kun ci gidana kun yi gida,
wanda ya amsa ya ba ni wuri."

Zakara na tona a gindin tanderun. Shi kuwa zakara, kun san shi, bakinsa ba ya jiran kansa. Ya miƙe wuya ya ce wa alaikumus salam. Bai sauke wuyan ba. Ya tsaya a haka, ƙafa ɗaya a sama, ya zama laka, ja, ɗanya, har da danshinta.

Barira ta gane muryar wa ce. Uwar Suri ce, sarauniyar garar surin da ta rushe, ta biyo ƙasarta. Ta tara 'yarta da akuyarta ta ce musu, kome za su ji da tsakar rana, kada wanda ya buɗe baki. Akuya ta ce ai ita ba zakara ba ce, ita da hankalinta.

Kashegari rana ta take tsaka. Yalwa na ɗaki. Sai akuya ta ji muryar Yalwa daga bayan turke, tana sallama, tana cewa ga dusa. Akuya ta amsa tun kafin ta waiwaya. Ta zama laka, da igiyarta a wuya.

Rana ta uku, tun hantsi Yalwa ta guntsi ruwa ta riƙe a baki. Barira ta cusa haɓar zane tsakanin haƙoranta, ta tsaya a tsakar gida. Rana ta take tsaka. Tanderu bai ce kome ba.

Sai aka yi sallama daga zaure. Muryar tsohuwa ce, a gajiye, kamar wadda ta sha tafiyar ƙasa. Barira ta san muryar. Ta mahaifiyarta ce, wadda aka binne shekara bakwai da suka wuce.

Aka yi ta farko. Barira ta cije zane.

Aka yi ta biyu. Hawaye ya zubo mata.

Aka yi ta uku, sannan muryar ta ce a hankali, "Barira, haka na raine ki? In tsaya a ƙofarki ina sallama?"

Zane ya faɗi daga bakinta. Ta ce, "Wa alaikum..."

Nan ta tsaya, baki a buɗe. Lakar ta kamo ta daga ƙafa, ta hau gwiwa, ta hau ƙirji, ta rufe ido.

Yalwa ta rungume ta za ta kai ta ɗaki. Ba ta ɗaguwa, ƙafafunta sun haɗe da ƙasar tsakar gida. Yalwa ta ɗaga kai, sai ta ga hadari ya leƙo daga gabas. Ku kun san abin da ruwan sama ke yi wa ɗanyar laka. Ko an rufa mata tabarma a ka, ruwan da zai bi ƙasa zai cinye ƙafafun.

Ta debo garwashi ta watsa cikin tanderun. Ya mutu tun bai taɓa daɓe ba. Muryar ta yi dariya, ta ce gidan nan nata ne yanzu, ba mai shiga sai wanda ta amsa wa.

Yalwa ta ruga gidan Tabawa. Labari ya riga ta zuwa. Duk garin an daina amsa sallama, maƙwabci na kiran maƙwabci da jifan tsakuwa a ƙyaure. Ita ma Tabawa sai da ta leƙo ta kan katanga ta ga fuskar yarinyar, sannan ta yafuto ta da hannu.

Tabawa ta ce gara ba ta iya tauna ƙasar da ta gasu. In tanderun ya gasu, Uwar Suri ta shiga kurkuku. Amma sabon tanderu ba a gasa shi rana ɗaya. Wuta uku ake yi masa, a kwana uku: ta kara, sannan ta ƙirare, sannan ta manyan itace. In aka fara da babbar wuta, ginin zai tsattsage, kuma kowace tsaga baki ce. Baki ɗaya ya cinye gida guda, to ina ga baki ɗari?

Yalwa ta ce hadari ba zai jira kwana uku ba. Tabawa ta ce wannan na Allah ne. Yalwa ta ce to yaya wuta za ta shiga, alhali ba a amsa mata? Tabawa ta ce wannan kuma ita ba ta sani ba, ita tukwane take ginawa.

Yalwa ta dawo gida tana tunani. Da safe ta ɗauko ƙwayar garwashi ɗaya a kasko, da 'yan karare. Ta durƙusa a bakin tanderun kamar yadda ake durƙusa wa manya. Ta ce, "Salamu alaikum, masu gida."

Tun da aka rushe surin, ba wanda ya kira Uwar Suri mai gida. Abin ya yi mata daɗi. Ta tambaya ko Yalwa ce za ta shigo, ga wuri nan.

"Ba ni ba ce, Iya. Wata 'yar baƙuwa ce, ja, ƙarama. Ba ta cin kome sai kara."

Uwar Suri ta leƙo ta ga ƙwayar garwashin, ba ta kai ƙwayar gero uku ba. Ta amsa, ta ce ta shigo.

Yalwa ta ajiye ta, ta ba ta kara ɗaya. Da ta cinye, ta ba ta wani. Haka har la'asar. Ginin ya yi ta fitar da tururi. Uwar Suri ta ce baƙuwar nan da ɗumi take, ta ji daɗin ƙasusuwanta. Da yamma hadari ya haɗo, iska ta zo ta watsa shi.

Rana ta biyu Yalwa ta sake durƙusawa. Ta ce yayar baƙuwar jiya ce ta biyo sawun ƙanwarta, ita ƙirare take ci. Uwar Suri ta amsa. Yalwa ta yi ta miƙa ƙirare, ɗaya bayan ɗaya. Da azahar aka yi tsawa. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya iso daga ƙauyen gabas. Yalwa ta dubi uwarta a tsaye, baki a buɗe, ƙuda na shiga yana fita. Ta dubi gumagumen ƙirya da ke jingine da katanga. Hannunta ya kai kansu har sau biyu. Ta janye shi, ta ɗauki ƙirare.

Rana ta uku gari ya waye da baƙin hadari, tun daga gabas har tsakiyar sama. Yalwa ta kife kasko a kan kafar hayaƙi, ta bar 'yar hanya kamar faɗin yatsa, ta danne shi da dutse. Ta jawo ƙirya, ta yi sallama, ta ce uwar yaran nan ce ta zo ganin inda 'ya'yanta suka kwana.

Uwar Suri ba ta amsa ba. Ta ce bangon gidanta ya yi tauri tun jiya, ta ciza ta ji haƙorinta ya yi ƙara. Ta ce baƙin nan ba ta yarda da su ba.

"To shi ke nan, Iya," in ji Yalwa. "Bari in gaya mata ta koma. Sai dai za a ji a gari, an karɓi 'ya'ya an bar uwarsu a ƙofa tana sallama. Ko ni da nake yarinya na san ba a yi wa uwa haka."

Iska ta taso, ta kwashe tabarma daga igiya. Sannan muryar ta ce, ciki-ciki, "Wa alaikumus salam."

Yalwa ta zuba ƙirya. Wuta ta kama, ta yi ruri, ta lashi rufin. Cikin ya yi baƙi, daga baƙi ya koma fari fat. Ginin bai tsage ba ko da faɗin gashi.

Uwar Suri ta ciji bango, haƙora suka karye. Ta nufi ƙofa, baƙuwa ta tare. Ta nufi sama, kasko ya tare. Ta yi kuka da muryar zakara, ta yi da ta akuya, ta yi da muryar Barira kanta, tana cewa Yalwa 'yata, ni ce a ciki, kina ƙona ni. Yalwa ta toshe kunne ɗaya da kafaɗa, ta ƙara itace. Ta ce wa Uwar Suri ta sako mata uwarta da zakara da akuya, ita kuma ta buɗe mata hanya.

Zakara ya sauke ƙafarsa ya ruga. Yalwa ta ƙara itace.

Akuya ta yi atishawa ta ja igiya. Yalwa ta ƙara itace.

Uwar Suri ta ce saura ɗaya, amma sai an ɗaga kasko tukuna. Sai ɗigon farko ya faɗo, ɗal, a kafaɗar Barira. Lakar wurin ta lotsa. Na biyu ya faɗo kusa da shi, jan ruwa ya gangaro ta hannu. Da Yalwa ta ga haka, sai ta ɗora hannu a kan dutsen da ke danne da kaskon, yana ƙona ta, ba ta ɗaga ba.

"Iya, in ta narke, ba ni da abin da zan buɗe dominsa."

Ta tura gungume na ƙarshe da ƙafa.

Sai jan lakar ya fara sauka daga goshin Barira, ya sauka wuya, ya sauka gwiwa, ya shige ƙasa. Yalwa ta ture kaskon. Wani abu ya fito ta kafar tare da hayaƙi, ya watse a sama, gara ce mai fiffike, dubu bisa dubu, wadda muke kira shinge. Ruwa ya kece.

Barira ta ja numfashi, ta ce, "...us salam."

"Inna, ba kowa a zaure," in ji Yalwa. "Zo mu shiga ciki, kina jiƙewa."

Tanderun nan ya shekara ashirin yana gasa gurasa bai tsage ba. Lotsawa biyu kuwa suna nan a kafaɗar Barira har ta tsufa, kamar an danna da babban yatsa. Shinge kuma har yau, in ruwan farko ya sauka, sai ya fito yana neman inda wuta take, yana faɗa mata, don bai manta da abin da ta yi masa ba.

Abin da ke ciki ke nan: shirun mai gida ba izini ba ne, kada ka amsa wa kanka a ƙofar wani. In kuma ɓarna ta riga ta auku, da ƙaramar wuta ake fara gyara.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya faɗa toka. Ba don Gizo ya riga ni ba, da na ce ni na ƙaga ta.