Sarki Zubairu da Baƙin Ciwon Mangwaro

An ruwaito a littattafan magabata cewa a Birnin Kwargaba an yi wani sarki mai suna Zubairu, wanda ƙasarsa ta shahara da mangwaro har fatake na zuwa daga nesa don su saya. Wata shekara ya ƙuduri gina ganuwa da gasasshen tubali, aka kafa matoya ta gasa tubalin a gefen lambunan mangwaro, wuta na ci ba hutawa.

Da mangwaro ya fara 'ya'ya, sai tsinin kowane ɗa ya yi baƙi, ya taurare, ya ƙi girma. Sarki ya ɗauka annoba ce mai yaɗuwa, ya yi umarni a sare itatuwan duka, sai fa in an sami mai faɗin dalili.

Waziri Haliru ya kawo wani attajiri, Tanimu, wanda ya daɗe yana fatauci a ƙasashen gabas. Tanimu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na taɓa sauka wani gari inda wa da ƙane suka gaji lambu. Wan ya zargi ƙanen da sammu, don ɓangaren wan kaɗai ya lalace. Alƙali ya je ya duba, ya tarar na wan ne ke jingine da matoyar maƙwabci. Hayaƙin ne ke ƙona 'ya'yan tun suna ƙanana."

Kowa a fada ya san matoyan da ke gefen lambuna na Sarki ne. Sarki ya murtuke fuska ya ce, "Wato ganuwata kake zargi?"

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka gaskata shi, kada ka ƙaryata. Mu je idonka ya yi hukunci."

Suka tafi. Kusa da matoya ba ɗan da ya tsira. Da suka yi nisa baƙin ya ragu, a ƙetaren kogi kuwa ko ɗigo babu. Sarki ya daɗe yana juya ɗan mangwaro a hannunsa, sannan ya ce, "Ganuwa don mutanena nake gina ta. Ba za ta ci abincinsu ba. Tanimu, mene ne magani?"

Ya ce, "A kai matoya nesa, inda iska ba ta kaɗowa lambu. A yi musu dogon bututun hayaƙi. A kashe wuta daga fure har 'ya'ya su ƙosa, a kuma yayyafa wa ƙanana ruwan kanwa mai sauƙi."

Aka yi haka. Ginin ya yi jinkiri, amma da shekara ta zagayo rassa suka sunkuya da mangwaro lafiyayye. Sarki ya naɗa Tanimu Sarkin Lambu, ya yafa wa Waziri alkyabbarsa a gaban jama'a.

Masu ruwaya suka ce mutanen Kwargaba sun fi alfahari da ranar da Sarkinsu ya kashe wutarsa da kansa fiye da duk yaƙin da ya ci, domin shugaban da ya karɓi gaskiya a kan abin da yake ƙauna ya cika shugaba.