Shaidar Indararo

An ce wai a zamanin da fatake ke ɗauko goro a bayan takarkari, an yi wani tsohon masaƙi a wani gari mai ganuwa, ana ce da shi Nomau. Ba shi da komai a duniya sai masaƙarsa da ɗan gidansa. Filin gidan ma kyauta ce daga maƙwabcinsa, wani madugu mai hannun alheri da ya daɗe da rasuwa. Nomau kuwa irin mutanen nan ne da idan ka yi musu alheri sau ɗaya, to ka ɗaure bakinsu har abada.

Ɗan madugun, Shekarau, shi ya gaji gida da fatauci. Ba mugu ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa. Da kasuwa ta yi masa kyau sai ya ɗora bene a kan soronsa, magina suka kafa indararo ta inda ya fi musu sauƙi, bakinsa ya leƙo daidai gindin katangar ɗakin Nomau.

Damina ta sauka. Duk ruwan da aka yi, indararon sai ya kwararo shi wuri guda yana cin gindin katangar, Nomau yana gani. Sau uku yana sa hula ya nufi zauren Shekarau, sau uku yana gaisawa, ya tambayi lafiyar iyali, ya dawo da maganarsa a ciki. Da wane baki zai kai kuka gidan da aka ba shi wurin kwana?

Ran nan da hantsi, bayan ruwan kwana biyu, katangar ta kife cikin lungu, ta danne takarkarin Shekarau da ke ɗaure a inuwarta, ko shurawa bai yi ba. Shekarau bai tsaya duba komai ba, ya zarce wurin alƙalin garin, Malam Jibir, aka aika aka kira Nomau.

Shekarau ya ce, “Allah ya gafarta malam, katangar Baba Nomau ta kashe mini takarkarin da ya fi kowanne ƙarfi a ayarina. Mai katanga shi ke da alhakin kula da katangarsa. Ina neman a biya ni.”

Nomau ya san ba shi da abin biyan takarkari sai ya sayar da gida, ya shiga duniya da furfurarsa. Ya kuma san abin da ya kayar da katangar. Tsoro ya kama shi ƙwarai, amma da alƙali ya waiwayo gare shi sai ya ce, “Katangata ce, Allah ya gafarta malam. Ba ni da ta cewa.”

Mutane suka fara gyara riguna, a zatonsu shari’a ta ƙare. Malam Jibir kuwa ko motsi bai yi ba. Ya ce, “Dattijo, ka amsa katanga taka ce, ba ka amsa kai ka kayar da ita ba. Ba a ɗora wa mutum biyan ɓarna sai an tabbatar an yi ɓarnar, an tabbatar wani ya yi sakaci da abin da ya wajaba a kansa, an kuma tabbatar sakacin nan ne ya jawo ta. Ɓarna kam mun gani. Shekarar katangar nan nawa a tsaye?”

Nomau ya ce, “Talatin da ’yan kai.”

“Damina talatin ba ta faɗi ba, sai bana. Me ya sake bana?”

Nomau ya sunkuyar da kai, ya kama murza gefen rigarsa. Alƙali ya daɗe yana dubansa, sannan ya miƙe ya ce, “Ba zan matsa maka ba. Ina da mai shaidar da ba ya jin kunyar kowa.”

Aka ɗunguma zuwa lungun. Malam Jibir ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya sa aka hau da tulu goma na ruwa kan benen Shekarau aka tuttule. Ruwa ya biyo indararo, ya zubo tsaf cikin wani rami da ruwan sama ya riga ya haƙa a gindin rusasshiyar katangar. 

Alƙali ya ce, “Shekarau, ga mai shaida ya yi magana. Ruwan sama na Allah ne, amma hanyar da ya bi kai ka tsara masa. Wanda ya yi gini, wajibinsa ne ya san inda ruwansa zai sauka. Asarar takarkari taka ce, za ka juya indararo cikin gidanka, ka tayar da katangar nan. Kai kuma dattijo, ka ga ɓarna tana tafe ka yi shiru. Na san kara ka yi, amma kararka ta ci dabbar maƙwabcinka. Ruwan kwaɓa ƙasa da ciyawarta a kanka suke.”

Shekarau ya buɗe baki zai yi musu, sai idonsa ya faɗa cikin ɗakin da katanga ta bari a buɗe. Ga gadon Nomau a jikin inda take tsaye a da, da ’yar butarsa a gefe.

Ya ce, “Baba, nan kake kwana?”

Nomau ya ce, “Nan ne, ɗana.”

“Duk daminar nan?”

“To, ina zan je?”

Shekarau ya durƙusa cikin taɓo da babbar rigarsa. Ya ce, “Da ciki ta faɗa, da yau alhakin rai nake ɗauke da shi. Allah ya fanshe ni da takarkari, ni kuwa na zo ina neman a biya ni! Baba, ka yafe mini. Allah ya gafarta malam, na gode.”

Nomau ya kama hannunsa ya tashe shi, hawaye na bin gemunsa. Ya yi godiya da gidansa ya tsira, amma abin da ya fi ratsa shi, wanda ya riƙa faɗa har ƙarshen ransa, shi ne an fitar masa da haƙƙinsa ba tare da an sa shi ya tsaya gaban jama’a ya nuna ɗan mai alherinsa da yatsa ba. Kullum bayan salla sai ya sa Malam Jibir a addu’a, tare da marigayi madugu.

Tun daga nan mutanen garin suka riƙe darasi: kafin a tambayi na wane ne abin da ya faɗi, a tambayi wa ya ci gindinsa, kuma wanda ya faɗa wa maƙwabcinsa inda ruwansa ke zuba bai butulce ba, ceton su biyu ya yi.